BAƘIN TABO A TAFIN ƘAFA: KADA KI RUFE SHI DA LALLE

Kafin ki ci gaba da karatu ki tambayi kanki: yaushe rabonki da ki ɗaga ƙafarki ki duba tafinta da kyau, tun daga diddige har tsakanin yatsu? Yawancinmu sai ranar ƙunshi, ko ranar da kaushi da faso suka dame mu. Fuska kuwa kullum tana gaban madubi, ƙurji ɗaya ya fito mata sai an san yadda aka yi da shi. To ga shi akwai wani nau'in ciwon daji na fata wanda a jikin baƙar fata ya fi son ɓuya a wurin nan da ba mu dubawa. Likitoci suna kiran sa melanoma. Idan aka gano shi da wuri, ƙaramar tiyata kan raba mutum da shi har abada. Idan aka yi sake ya yi nisa, yakan tafi da yatsa, ko ƙafa, ko ma rai.

Ki ɗauka Inna ce, mahaifiyarki ko surukarki, a can Dingyadi. Kin je gaishe ta, kuna zaune kan tabarma ta miƙe ƙafa, sai kika hangi wani baƙin tabo a diddigenta kamar an ɗiga tawada. Kika ce, "Inna, me ya same ki a ƙafa?" Ta ce, "Ƙaya ce na taka tun bara da kaka, ba ya ma yi mini ciwo." Kika yi shiru, aka ci gaba da hira. Wata shida bayan nan kika dawo, tabon ya faɗaɗa, tsakiyarsa ta tasa, yana ɗan tsattsafo da jini yana ɓata mata takalmi. An kai ta wurin wanzami ya tsaga, an barbaɗa garin magani, amma mikin ya ƙi kamewa. Yanzu kuma tana kukan kaluluwa a matsematsi. A irin wannan hali ne masu wannan cuta da yawa suke isa asibiti, bayan an yi asarar watannin da aiki zai fi sauƙi.

MENE NE MELANOMA?

A cikin fatar kowane ɗan Adam akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne samar da launi. Su ne suke sa wani ya zama baƙi, wani wankan tarwaɗa, wani fari. Idan suka taru wuri ɗaya sai su ba da ɗigon nan da muke kira tawadar Allah, wadda kusan kowa yana da ita kuma ba ta da illa. Melanoma tana faruwa ne idan waɗannan ƙwayoyi suka lalace suka shiga hayayyafa ba tsari. Da farko sukan bazu a saman fata kawai, daga baya su nutsa ciki, su shiga hanyoyin ruwan jiki da na jini, su isa kaluluwa, huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 kimanin mutum 325,000 suka kamu da wannan cuta, kimanin 57,000 kuma suka rasu. Mafi yawansu Turawa ne, musamman a Ostireliya da Turai da Amurka, inda zafin rana ke ƙona farar fata. Wannan ne ya sa ake ɗauka cutar Turawa ce. Gaskiya ne ba ta yawaita a cikinmu kamar su ba, amma muna da namu nau'in, kuma babu ruwansa da rana. Yana fitowa a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, wani lokaci a dasashi ko cikin baki. Rahotannin likitocin asibitocin koyarwa na Arewa, irin su na Zariya da Kano, sun daɗe suna nuna abu biyu: ƙafa ce wurin da cutar ta fi kamawa, kuma marasa lafiya sukan zo bayan ta riga ta yi nisa.

Har yanzu masana suna binciken dalilin wannan nau'i. Wani bincike da aka yi a Japan a 2016 ya lura cewa ya fi fitowa a wuraren da nauyin jiki ke sauka, wato diddige da gaban tafin ƙafa. Abin da aka tabbatar shi ne ba a ɗaukar sa daga wani, don haka babu dalilin ware wa mara lafiya kwano ko buta. Kuma ba sammu aka taka ba, ba jifa ba ne. Sau da yawa ƙayar ko tuntuɓen da ake ɗora wa laifi su ne kawai suka sa aka lura da tabon da ya riga ya daɗe a wurin.

ALAMOMIN DA ZA KI KULA DA SU

Ba kowane baƙin ɗigo ne abin tsoro ba. Mutane da yawa masu baƙar fata suna da ɗigo-ɗigo a tafin ƙafa da kuma siraran layuka a faratansu tun suna yara, kuma lafiyarsu ƙalau. Wanda zai sa ki tashi tsaye shi ne:

1. Sabon tabo da ya fito wa babban mutum, ko tsoho da ya fara canja girma, siffa ko launi.

2. Tabon da bakinsa ba daidai yake ba, ya yi kamar tawadar da ta malale a kan tsumma.

3. Wanda ya haɗa launi fiye da ɗaya: baƙi, ruwan ƙasa, toka-toka, ja.

4. Wanda faɗinsa ya wuce milimita 6 ko 7, wato kamar ƙwayar wake.

5. Wanda ya tasa, ko ya fashe, ko yake jini ba tare da an ji rauni ba.

6. Baƙin layi a farce guda ɗaya, musamman na babban yatsa, wanda yake ƙara faɗi, ko baƙin ya tsallaka zuwa fatar gefen farcen, ko farcen ya fara tsagewa. Jinin da ya taru saboda buguwa yakan bi farce ya fita yayin da yake tsiro. Wannan kuwa yana nan daram.

7. Miki a ƙafa da ya wuce wata guda bai warke ba duk da magani. Masu ciwon suga su kula sosai a nan, domin akan ɗauka gyambon suga ne a yi ta wanki alhali wani abu ne daban. Akwai ma melanomar da ba ta da baƙi ko kaɗan, ja ce kamar tsoka.

Kada rashin zafi ya ruɗe ki. A farkonta wannan cuta ba ta ciwo, shi ya sa ake raina ta.

"DAJI BA YA SON ƘARFE"

Kin sha jin wannan magana, wataƙila ma kin faɗe ta. Ana cewa da zarar wuƙar likita ko allura ta taɓa ciwon daji, sai ya fusata ya bazu. Kowa yana da labarin wance da aka yi wa aiki ba ta ƙara wata uku ba. Amma ki tambaya, yaushe aka kai wance asibiti? Za ki tarar sai da aka shekara ana jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, cutar ta riga ta isa huhu ko hanta, sannan aka ɗauke ta ranga-ranga. Lattin ne ya yi ɓarnar, aka ɗora wa tiyata. Ƙarfen da ya kamata a guje wa shi ne askar da za ta tsaga tabon a gida, da sakiya, da ƙona wurin da kanwa ko ruwan batir. Waɗannan ba sa cire saiwar, suna jawo ruɓa, kuma suna ɓata wurin har likita ya kasa auna zurfin cutar daidai.

Labarin Bob Marley, shahararren mawaƙin nan na ƙasar Jamaika, ya isa darasi. A 1977 aka gano melanoma a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, bayan an daɗe ana zaton raunin ƙwallo ne. Likitoci suka ba da shawarar a cire yatsan, bai amince ba, sai aka cire farcen da naman ƙarƙashinsa kawai. Cutar ta bazu zuwa huhu da ƙwaƙwalwa, ya rasu ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36. Mutum ne mai kuɗi da suna, likitocin duniya suna hannunsa.

INA ZA A NUFA?

Ga mutanen Dingyadi, Sifawa, Bodinga, Shagari da ƙauyukan kewaye, matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, a nuna wa likita. Ki faɗa masa tun yaushe tabon ya fito da yadda ya canja, ki kuma faɗi gaskiya idan an tsaga ko an sa wani magani. Idan ya yi zargin wannan cuta zai tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da likitocin tiyata da masu binciken tsoka a ɗakin gwaji. Daga Bodinga tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba. Idan an yi ta wanke miki makonni ba sauyi, ke da kanki ki roƙi takardar turawa cikin ladabi. Haƙƙin mara lafiya ne.

Abu na farko da za a yi shi ne a kashe wurin da allura a yanki tabon, duka idan ƙarami ne ko wani sashe idan babba ne, a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Sakamakon yakan ɗauki kwanaki ko 'yan makonni. Kada ki yarda a yanke wani tabo a jefar ba a kai gwaji ba, komai ƙanƙantarsa. Kuma idan sakamako ya fito a je a karɓa, a adana takardar.

Muhimmin abin da gwajin yake nunawa shi ne zurfin cutar a cikin fata. Wani likitan Amurka mai suna Alexander Breslow ne ya nuna a 1970 cewa wannan zurfi, da ake aunawa da milimita, shi ne babban ma'aunin abin da zai biyo baya. Wadda ba ta kai milimita 1 ba, fiye da mutum 90 cikin 100 suna warkewa da tiyata kaɗai. Wadda ta wuce milimita 4, haɗarin bazuwarta yana da yawa. Ki duba kan rular ɗanki ki ga ƙanƙantar milimita 4. Tsakanin sauƙi da wahala ke nan, kuma watannin da ake ɓatawa a gida ne suke cike wannan tazara.

YADDA AKE AIKIN

Likita ba ya tsayawa a kan baƙin da ido yake gani. Yakan haɗa da lafiyayyar fata ta kewaye, kamar yadda kike yanke ruɓaɓɓen gefen dankali ki haɗa da ɗan mai kyau. Ƙa'idar da ake bi ita ce: idan cutar tana saman fata kawai, a bar tazarar rabin santimita zuwa 1, idan zurfinta bai wuce milimita 1 ba, santimita 1, tsakanin milimita 1 da 2, santimita 1 zuwa 2, idan ya wuce haka, santimita 2. Abin da aka cire shi ma sai ya koma ɗakin gwaji a tabbatar gefensa ya fita tsaf. Aikin ƙafa galibi da allurar baya ake yin sa, irin wadda ake yi wa mai haihuwa ta tiyata, mara lafiya tana farke amma ba ta jin komai.

Idan a ƙarƙashin farce take kuma ta yi zurfi, akan cire gaɓar ƙarshe ta yatsan ko yatsan duka. Abin da ɗaci, amma mutum yana tafiyarsa ya yi noma da kasuwa ba yatsa ɗaya. Yanke ƙafa gaba ɗaya ba shi ne aka saba yi ba, sai cutar ta ci wuri mai yawa. Wato tsoron yanke ƙafa da ke hana mutane zuwa asibiti, jinkirin ne yake kai su gare shi.

Sai batun kaluluwa. Cutar ƙafa takan fara sauka a kaluluwar matsematsi, ta hannu kuma a ta hammata. Likita zai lalluba, ya sa a yi hoto. A farkon shekarun 1990 wani likita mai suna Donald Morton ya fito da dabarar yin allurar wani launi a gefen tabon, a bi shi zuwa kaluluwar farko da yake sauka, a cire ita kaɗai a gwada. Inda ake da kayan aikin, wannan yana rage wahala. Idan kuwa kaluluwar ta riga ta kumbura kuma gwaji ya nuna cutar, akan kwashe na wurin duka. Bayan irin wannan aiki ƙafa tana iya riƙa kumburi, sai a riƙa ɗaga ta a kan matashi, a sa safa mai matsewa, a kuma kiyaye ta daga rauni.

CIKE GURBIN DA AKA YANKE

Tambayar da kowa yake yi ita ce, to ramin fa? Fatar tafin ƙafa ba ta jawuwa kamar ta ciki, saboda haka ƙaramin wuri ne kawai ake iya ɗinkewa kai tsaye. Sauran aikin likitocin gyaran jiki ne, kuma wannan fanni ba baƙo ba ne a Sakkwato. Tun 1999 Asibitin Noma yake gyara fuskokin yaran da cutar zaizayar baki ta ɓata, ana ɗauko fata da tsoka daga wani sashe na jikinsu a gina musu kunci da leɓe. Hikimar ɗaya ce ake amfani da ita a ƙafa.

Hanya ta farko ita ce dashen fata. Ana feƙe siririn saman fata daga cinya a shimfiɗa a kan mikin, a ɗaure. Cikin kwana biyar zuwa bakwai takan kama, sababbin jijiyoyin jini su shige ta. Cinyar kuma takan warke da kanta cikin kamar mako biyu zuwa uku, kamar ƙujewa. Wannan ya fi dacewa da wurin da ba a takawa, kamar kwarin tsakiyar tafin ƙafa.

Diddige kuwa yana ɗauke da nauyin jiki duka, siririyar fata ba ta cika jurewa ba. A nan akan yanko fata mai kauri tare da kitsenta da jijiyar jininta ba a tsinke ta ba, a juyo ta ta rufe ramin. Akan ɗauko ta daga kwarin tafin ƙafar, domin irin fatar ɗaya ce, ko daga bayan ƙwauri. Wurin da aka ɗauko sai a rufe shi da dashen fata. Wani lokaci likita yakan bar mikin a buɗe na ɗan lokaci ana wanki har sakamakon gwaji ya tabbatar an cire cutar duka, sannan a rufe. Idan kin ga haka kada ki zaci sakaci ne.

JINYA A GIDA

Nan ne aikinki yake, uwargida, domin rabin nasarar dashe yana hannun mai jinya.

Kada a taka ƙafar sai likita ya ba da izini, ko da makonni ne. Taku ɗaya zuwa bayi yana iya ɗaye dashen. A nemi sandar guragu, a kawo fo kusa. Kada a kwance bandeji don 'yan dubiya su gani, kada a gasa da ruwan zafi, kada a barbaɗa komai. Game da alwala, malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji da yin salla a zaune ga mai larura, sai a tambaye su, kada a jiƙa miki.

A ba ta abinci mai gina jiki: wake, ƙwai, nono, kifi, nama, gyaɗa da zogale. Maganar cewa ƙwai ko nono suna sa miki ruwa ba ta da tushe, da su ne jiki yake gina sabuwar tsoka. Mai ciwon suga ta kiyaye maganinta. Idan maigida ne aka yi wa aikin kuma yana shan taba, lallai ya bari, domin tana tsuke jijiyoyin da dashen yake rayuwa da su. Zazzaɓi, wari, ko dashen ya yi baƙi, a koma asibiti ranar.

Bayan an warke, fatar da aka dasa ba ta da maiƙo kuma ba ta ji sosai. A riƙa shafa mata man kaɗanya, a sa takalmi mai laushi, kada a taka rairayin bazara ba takalmi, domin za ta ƙone mai ita ba ta sani ba. A ci gaba da zuwa ganin likita duk wata uku zuwa shida a shekarun farko, har shekara biyar ko fiye, ana duba tabon aikin da kaluluwa.

IDAN TA RIGA TA BAZU

Ko a nan ba a yanke ƙauna. Daga 2011 aka fara samun sababbin magungunan da suke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar da kanta, kuma masana biyu da suka share hanyarsu, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, sun sami kyautar Nobel a 2018. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda cibiyarsa ta yi aikin kawar da kurkunu a ƙauyukanmu, ya kamu da melanoma da ta kai hanta da ƙwaƙwalwa a 2015 yana da shekara 90. Aka yi masa tiyata da gashi, aka sa shi kan maganin Keytruda, ya rayu har Disambar 2024, ya cika shekara 100. Sai dai waɗannan magunguna suna da tsadar da ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma nau'in tafin ƙafa bai cika jin su kamar na Turawa ba. Don haka mu dai babban makaminmu shi ne zuwa da wuri. Wanda cutarsa ta yi nisa kuma, asibiti yana da maganin rage zafi da na warin miki, bai kamata a bar shi yana wahala a ɗaki ba.

ABIN DA ZA KI YI DAGA YAU

Sau ɗaya a wata, bayan wanka, ki zauna a haske ki duba tafin ƙafarki, tsakanin yatsu, farata da tafin hannu. Idan ba kya iya lanƙwasawa ki sa madubi, ko ki sa 'yarki ta duba miki. Lokaci mafi dacewa shi ne kafin ƙunshi, bayan tsohon lalle ya goge, domin lalle yana rufe tafin ƙafa da farata na makonni. Idan kin ga tabon da bai kwanta miki ba, ki ɗage ƙunshin har likita ya gani. Ki ɗauki hotonsa da waya ki ajiye tsabar kuɗi a gefensa, bayan wata guda ki sake ɗauka ki gwada.

Ki duba ƙafar maigida idan ya dawo gona, ki duba ta tsofaffin gida, domin cutar ta fi kama waɗanda suka manyanta, ga ido ya yi rauni. Idan akwai zabiya a gidan, ita rana ce abokiyar gabarta: hula mai faɗi, tufafi masu rufe jiki, kuma duk mikin da ya ƙi warkewa a kai asibiti. Haka tsohon tabon ƙuna ko gyambon shekaru da ya fara canjawa, shi ma yana iya rikiɗa ya zama wani nau'in ciwon daji.

Idan maganar kuɗi ce ta tsayar da maigida, ki zauna da shi cikin natsuwa ki ce, "Malam, gara mu sayar da akuya yau da mu sayar da gona baɗi." Ki nuna masa wannan shafi. A tuntuɓi 'yan'uwa, a ɗauki adashi, a je ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti, a kuma gwada Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, wadda takan tallafa wa marasa ƙarfi da magani. Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya kare mu da zuriyarmu.